Jirin da ke biyo bayan mura: abin da binciken shekara 160 ya gano

 

Idan kai mutumin Dawakin Kudu ne, ko Kura, ko Bunkure, ba sai an kwatanta maka yadda hunturu yake a bakin kanal ba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka ja ruwanta zuwa gonakin Kadawa da kewaye, lokacin sanyi ya daina zama lokacin hutu a wannan yanki. Lokaci ne na alkama da tumatir da albasa, manomi kan yi sammako ya shiga ban ruwa tun hazo bai ɗaga ba. Lokacin mura ne kuma, domin ƙura tana busar da hanci da maƙogwaro, da dare kuwa a rufe ƙofa da taga a kwana ɗaki ɗaya, numfashin wannan ya zama na wancan.

Sai mura ta zo ta wuce kamar yadda ta saba. Bayan mako ɗaya ko biyu, wata safiya maigida ya buɗe ido ya ga ɗaki yana juyawa da shi kamar an ɗora shi a kan dutsen niƙa. Ya yunƙura zai tashi, ya karkata gefe guda ya faɗi, ga amai, ga gumi. Nan take gida ya rabu. Wannan ya ce iska ce, wancan ya ce hawan jini ne, wani ya ce jininsa ne ya yi ƙasa, a kawo lemon kwalba da madara. Tsohuwar gidan kuma ta ce, "Murar nan ce da ya yi ta hau masa kai."

Maganar tsohuwar nan ita ce abin da likitoci suka shafe fiye da shekara 160 suna bincike a kai. Yana da kyau ka san inda binciken ya faro da inda ya tsaya yau, domin a cikinsa akwai abin da zai nuna maka ranar da ya kamata hankalinka ya kwanta, da ranar da ya kamata a nemi mota a nufi asibiti ba tare da jiran wayewar gari ba.

Lokacin da ake zargin ƙwaƙwalwa

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, likitocin Turai sun ɗauka cewa duk wanda hajijiya ta kayar, jini ne ya taru masa a ƙwaƙwalwa. Maganinsu shi ne su zubar masa da jini, kwatankwacin yadda wanzami ke yin ƙaho. Kunne kuwa, a ganinsu, ba shi da wani aiki sai ji.

Wanda ya fara girgiza wannan fahimta wani masani ne ɗan Faransa mai suna Pierre Flourens. A shekarun 1820 ya riƙa yanke wasu ƙananan bututu da ke can cikin kunnen tattabaru, sai ya ga tattabarar ta kasa riƙe kanta, tana kaɗa kai tana tuntsurawa, alhali tana jin sauti. Likitoci ba su ba wannan aiki muhimmanci ba sai a 1861, lokacin da Prosper Meniere, likitan makarantar kurame ta birnin Paris, ya tsaya gaban majalisar likitocin ƙasarsa ya ce cuta a kunnen ciki tana iya kawo jiri da amai da ƙarar kunne, ƙwaƙwalwa kuwa lafiyarta ƙalau.

Cikin hujjojinsa akwai labarin wata budurwa da ta yi tafiyar dare a saman keken doki cikin tsananin sanyi, ta sauka da kurumta da jiri da amai, ta rasu a rana ta biyar. Da aka duba gawarta ba a sami komai a ƙwaƙwalwa ba, sai wani jan abu da ya cika bututun kunnenta. Likitocin baya sun fi karkata ga cewa kansar jini ce ta kashe ta. Duk da haka, ka ga tun ranar farko an riga an ɗaura sanyi da jiri da igiya ɗaya, an kuma yi saurin yanke hukunci kafin hujja ta cika.

Ga yadda abin yake, a taƙaice. Bayan dodon kunne, cikin ƙashin kai, akwai wani wuri mai siffar katantanwa, shi ke ji. Kusa da shi akwai bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, da wasu jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan tsakuwoyi. Duk sa'ad da ka juya kai, ruwan yakan motsa, jijiyar daidaito ta kai wa ƙwaƙwalwa labari. Kunnen dama da na hagu suna aiki ne kamar shanun huɗa biyu a garma ɗaya. Muddin suna ja daidai, kunya za ta miƙe. Idan sa ɗaya ya durƙusa, ɗayan ya ci gaba da ja, garma za ta yi ta kewaya. Haka ƙwaƙwalwa take yi idan saƙon kunne ɗaya ya yanke: sai ta ɗauka kana juyawa alhali kana kwance.

Daga Biyana zuwa Kano

A birnin Biyana na ƙasar Austiriya, wani likitan kunne mai suna Robert Barany ya lura cewa idan ya wanke wa majiyyaci kunne da ruwa mai sanyi, sai jiri ya kama shi, idanunsa su riƙa fizga zuwa gefe guda. Idan ruwan mai ɗumi ne, su fizga zuwa ɗaya gefen. Daga nan, a 1906, ya fito da hanyar gwada ƙarfin kowane kunne shi kaɗai. Wannan aiki ya jawo masa kyautar Nobel ta 1914, labarin kuwa ya iske shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha. A 1909 wani abokin aikinsa, Erich Ruttin, ya bayyana majiyyatan da sashen daidaito na kunnensu ɗaya ya daina aiki farat ɗaya, amma jinsu bai taɓu ba. Cutar da muke magana a kanta ke nan, tun ba ta da suna.

Ba a jima ba sai duniya ta ga mura irin wadda ba ta taɓa gani ba. A ranar 14 ga Satumba, 1918, jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a Legas ɗauke da masu fama da ita. Layin dogo, wanda ya iso Kano a 1911, ya zama hanyarta zuwa Arewa, cikin makonni kaɗan ta shigo ƙasar Kano a ƙarshen zamanin Sarki Abbas. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta kashe mutum kusan dubu 500 a Najeriya, lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. A wancan lokaci babu likita a duniya da ya taɓa ware abin da ke kawo ta. Sai a 1933 masu bincike a Landan suka ware ƙwayar bairas ɗin mura daga jikin mutum. Daga wannan shekara ne tambayar ta zama abin da za a iya bincika: shin ƙwayar da ta shiga ta hanci tana iya kaiwa ga jijiyar kunne?

A shekarun 1950 likitoci a Denmak da Ingila suka riƙa ba da rahoton wani abin mamaki: mutane da yawa a gari ɗaya, wani lokaci a gida ɗaya, suna kamuwa da jiri mai tsanani a tsakanin 'yan makonni, sau da yawa bayan mura ta ratsa garin. Har suka laƙaba masa suna jirin annoba. A 1952 kuma wasu likitoci biyu na asibitin jijiyoyi na Landan, Margaret Dix da Charles Hallpike, suka wallafa bayanin majiyyata 100 masu irin wannan lalura. Jinsu lafiya lau, amma gwajin ruwan Barany ya nuna rauni a sashen daidaito, da yawansu kuma an same su da tarihin zazzaɓi ko ciwon hanci da maƙogwaro. Sunan da suka kira cutar da shi ma'anarsa ita ce kumburin jijiyar daidaito. Idan kumburin ya haɗa har da katantanwa, ji ya ragu, kunne ya riƙa ƙara, shi ake kira kumburin kunnen ciki.

Zargi ya koma kan wani

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce tsohuwa ta yi gaskiya, mu rufe littafi. Sai dai an ci karo da matsala biyu. Ta farko, ba kowane majiyyaci ne ke da tarihin mura ba. Da yawa jirin kan faɗo musu suna cikin ƙoshin lafiya. Ta biyu, mura abu ce da kusan kowa ke yi a hunturu, don haka ko da ba ta da hannu, dole a sami masu jirin da suka yi ta kwanan baya. Zakara yana cara kafin alfijir, amma ba shi ke fito da rana ba.

Ba a iya yanka kunnen mai rai don a ga abin da ke ciki, saboda haka aka koma ga ƙasusuwan kunnen waɗanda suka taɓa yin cutar suka rasu daga baya. A 1981 Harold Schuknecht na birnin Boston a Amurka, tare da wani abokin aikinsa ɗan Japan, ya nuna cewa jijiyar daidaito a irin waɗannan mutane ta tsotse, irin tsotsewar da bairas ke bari. A shekarun 1990 masu bincike a Japan da Jamus suka gano wata ƙwaya a kwance cikin kullin wannan jijiya a jikin mutane da yawa. Wannan ƙwaya ka san aikinta ko da ba ka san sunanta ba: ita ce ke fito da ƙuraje a gefen leɓe bayan mutum ya yi zazzaɓi. Takan shiga jiki tun ƙuruciya, ta laɓe cikin jijiyoyi, ta farka idan garkuwar jiki ta yi rauni. Daga nan fahimtar da yawancin masana ke kai yau ta samo asali, wato mura tana buɗe ƙofa ne kawai, ɓarawon kuwa da ma yana cikin gida.

Ita ma wannan fahimta ba ta tsira daga gwaji ba. A 2004 likitoci a birnin Munik na Jamus suka raba majiyyata 141 rukuni-rukuni. Maganin kashe waccan ƙwaya bai ƙara musu komai ba. Maganin rage kumburi na sitiroyid ya sa kunnen ya fi farfaɗowa a ma'aunin gwaji, amma nazarce-nazarcen da suka biyo baya ba su tabbatar da cewa wanda ya sha shi ya fi jin sauƙi bayan watanni ba. Shi ya sa shawarar shansa take hannun likita, musamman ga mai ciwon suga ko hawan jini ko gyambon ciki.

Akwai ƙwayoyin da laifinsu a kan kunnen ciki ya tabbata ba tare da gardama ba. Hangum da ƙyanda, waɗanda dukansu ta numfashi ake ɗauka, sun kurumtar da yara da yawa. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yau, yakan taɓa jin kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka kwanta da shi. Ɓera ne ke yaɗa shi, abin lura ga duk mai rumbun shinkafa. Sanƙarau kuwa, wanda annobarsa ta 1996 ta kashe fiye da mutum dubu 11 a Najeriya, Kano na cikin inda ta fi tsanani, bakteriya ce ke kawo shi, amma shi ma yakan bi ta kunnen ciki ya bar mutum da kurumta da tangaɗi. Saboda haka allurar ƙyanda da ake yi wa yaro a wata 9, a maimaita a wata 15, tana kare kunnensa kamar yadda take kare ransa.

Sai ga korona. An tabbatar da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Kano kuma ranar 11 ga Afrilu, kuma ba ka manta da yadda maƙabartun birni suka cika a waɗannan makonni ba. Daga ƙasashe da dama aka riƙa samun rahoton waɗanda suka tashi daga cutar da jiri ko ƙarar kunne ko raguwar ji. A 2021 masu bincike a Boston suka nuna a ɗakin gwaji cewa ƙwayar korona tana iya shiga wasu ƙwayoyin halitta na kunnen ciki. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne. Bai nuna cewa duk wanda ya yi jiri bayan korona ita ce ta jawo masa ba. A 2022 ƙungiyar masana daidaito ta duniya, wadda ke ɗauke da sunan Barany, ta fitar da ƙa'idojin gane cutar, ba ta kuma sanya tarihin mura cikin sharuɗɗan ba.

Abin da ya shafe ka da iyalinka

Darasi mafi girma a wannan tarihi shi ne kada kalmar "ai ya yi mura" ta sa a zauna. Toshewar jijiyar jini a bayan ƙwaƙwalwa, wadda nau'i ce ta shanyewar ɓarin jiki, tana iya zuwa da jiri da amai kaɗai, ba hannu ko ƙafa da ya mutu. Likitocin da Meniere ya yi wa gyara sun yi kuskure da suka ɗora kowane jiri a kan ƙwaƙwalwa. Kai kuma za ka yi kuskuren da ya fi nasu haɗari idan ka ɗora kowane jiri a kan kunne. A 1988 Halmagyi da Curthoys a birnin Sidni na Ostareliya suka fito da wani gwaji da likita ke yi da hannunsa, ya juya kan majiyyaci da sauri yana kallon idanunsa. A 2009 wani bincike a Amurka ya nuna cewa wannan gwaji, haɗe da wasu biyu na ido, a hannun ƙwararre, yana bambance ciwon kunne da na ƙwaƙwalwa a kwanakin farko fiye da hoton na'ura. Gwaji ne da ba ya buƙatar wutar lantarki, amma yana buƙatar likita. Ba a yin sa a gida, ba a yin sa a kemis.

Don haka duk wanda jiri mai tsanani ya kama farat ɗaya, ya ƙi tsayawa, a kai shi asibiti a ranar. Gaggawar takan ninka idan ya haura shekara 50, ko yana da hawan jini ko ciwon suga, ko kuma an ga ɗaya daga waɗannan: maganarsa ta sarƙe, bakinsa ya karkace, yana ganin abu biyu-biyu, haɗiya ta gagara, wani sashe na jiki ya yi nauyi ko ya dinga jin kamar ba nasa ba, ciwon kai ko na wuya mai tsanani da bai saba ba, ko ya kasa zama ko tsayuwa ko da an riƙe shi. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya, ko kunne mai zubar da ruwa, su ma ba a kwana da su. Haka nan ji da ya ɗauke a kunne ɗaya farat ɗaya, domin maganinsa ya fi aiki a makonni biyun farko. Babban asibitin Dawakin Kudu ko na Kura shi ne matakin farko. Daga nan ana iya tura ka sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999.

Ka taimaki likita da bayani mai kyau, domin mu kan ce "jiri" mu nufi abubuwa daban-daban. Duhun ido da ke zuwa idan ka miƙe daga durƙuso a gona cikin rana ya fi kama da ƙarancin ruwa a jiki, ko ƙarancin jini, ko zazzaɓin cizon sauro, ko shaƙar maganin feshi. Hajijiya mai ɗaukar daƙiƙoƙi kaɗan idan ka juya a shimfiɗa ko ka sunkuya ruku'u, yawanci tsakuwoyin nan ne suka kauce suka faɗa cikin bututu. Takan biyo bayan kumburin jijiya a wasu mutane, ana kuma gyara ta da wata dabarar juya kai da John Epley ya wallafa a 1992. Wadda ke zuwa ta yi sa'o'i ta tafi ta dawo, da ƙarar kunne da raguwar ji, ita ce cutar da yau ake kira da sunan Meniere. Kumburin jijiyar daidaito kuwa yakan zo sau ɗaya, ya yi tsanani kwana biyu ko uku, sa'an nan ya riƙa sassautawa a hankali cikin makonni, kuma ba kasafai yake dawowa ba. Faɗa wa likita duk allurar da aka yi maka kwanan nan. Gentamicin da Streptomycin suna iya lalata sashen daidaito na kunne har abada, kinin kuma yana sa ƙarar kunne da jiri.

Idan likita ya tabbatar kunne ne, to saura aiki ya dawo hannunka, nan ma tarihi yana da abin faɗa. A shekarun 1940 wasu likitocin Landan biyu, Cawthorne da Cooksey, da ke kula da waɗanda suka ji rauni a kai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sun lura cewa masu tashi su motsa kai da idanu sun fi saurin miƙewa a kan waɗanda aka bari kwance. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa tana koyon aiki da san da ya rage, amma ba ta koyo sai an ɗaura garma an shiga gona. Magungunan kwantar da jiri irin su Stugeron da Stemetil suna da amfani a kwanakin farko, amma shansu fiye da kwana uku yana jinkirta wannan koyo. Ƙauna kan sa iyali su ce "kwanta, kada ka motsa." Da zarar amai ya tsaya, ƙaunar da ta fi amfani ita ce a kama hannunsa a zagaya tsakar gida da shi, safe da yamma, ana ƙara nisa kullum. Kada a ɗiga masa mai ko ruwan wani ganye a kunne. Ciwon yana bayan dodon kunne, inda ɗigo ba ya kaiwa.

Kafin ƙafa ta tsaya sosai, a haƙura da hawa babur, da hawa bishiya ko rufin ɗaki, da ban ruwan dare. Wanda kunnensa ɗaya ya yi rauni da idanunsa yake riƙe kansa, shi ya sa duhu ke kayar da shi. Cikin ruwa kuma yana iya kasa gane sama da ƙasa, don haka bakin kanal da bakin rijiya ba wurin tsayuwarsa ba ne a waɗannan makonni. A sami wanda zai riƙe masa ban ruwan alkamar har ya warware.

Ita kuwa tsohuwar gida, idan ta sake cewa mura ce, kada ka yi mata musu, domin manyan likitocin Biyana da Landan sun yi irin zatonta, kuma har yau ba a rushe shi ba. Ka ce mata, "Mai yiwuwa ne, Inna, amma bari likita ya duba idanunsa tukuna."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu ga ƙarshen wannan sanyi cikin ƙoshin lafiya.